Tambayar da Ta Ceci Kuɓewar Goggo

Akwai abubuwa da yawa da suka faru da ni waɗanda sai an tuna mini nake tunawa, amma zuwan Baturiyar tankin ruwa ƙauyenmu ba ya cikinsu. Wannan ko tsufa ya fara kwashe mini kayan ƙwaƙwalwa, na tabbata shi zai fita a ƙarshe. Ba zan manta da shi ba, domin a lokacin ne na ga masu ilimin gari sun tuɓe riga suna yaƙi a kan kalmar Turanci guda, alhali gonar wata tsohuwa tana shirin salwanta a gaban idonsu.

Ƙauyenmu yana kusa da Wad Haddad, a gefen tur'a, wato babban magudanar da ke shayar da gonakin auduga. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar Makka, suka ya da zango a nan, kuma har yau ba a tashi daga zangon ba. Ruwan tur'ar nan shi muke sha, da shi muke wanka, cikinsa jakuna ke shiga su huce gajiya. Tsargiya kuwa ta zauna mana daram, har yaron da bai taɓa fitsarin jini ba sai a riƙa kallonsa kamar baƙo. Don haka da labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji za ta haƙa mana rijiyar burtsatse ta kafa tanki, sai da mata suka yi guɗa.

Sharaɗinsu ɗaya ne. Sun ce ba sa aiki sai da yardar jama'a, saboda haka za su turo wata Baturiya ta ji ra'ayin kowa a kan inda za a kafa tankin. Ba su san cewa shehun garinmu, wato mai gari, ya riga ya ji ra'ayin jama'a tun kafin jama'ar su san suna da shi ba.

Injiniyan da ya fara zuwa ya ce wuri biyu ne suka dace. Na farko wani fako ne a bayan gidan shehu, inda ko ƙaya ba ta fitowa, sai wata tarakta tasa da ta mutu tun ina firamare take kwance a kai. Na biyu kuwa gonar Goggo ce, ƙanwar mahaifina. Shehu yana da niyyar gina shaguna a fakonsa, don haka bayan ya yi dogon nazari saboda maslahar al'umma, sai ya gano cewa gonar Goggo ta fi dacewa. Aka kai dutse aka shafa masa jan fenti aka ajiye a tsakiyar kuɓewarta, alamar inda tanki zai zauna.

Gonar ba wata babba ba ce, idan ka yi tari a wannan gefe na wancan gefen zai ce maka sannu. Amma ita ce duk abin da Goggo ta mallaka. Mijinta ya share wurin kafin ya rasu, ɗanta guda ya tafi Libiya neman aiki ya bar mata jikoki, daga nan ko gaisuwa ba a sake samu ba. Da bokiti take ɗibo ruwa daga tur'a ta shayar da kuɓewa da lalo da yakuwa. Kuɓewar take yankawa ta shanya ta daka, ta kai garin kasuwa, da shi ake cin tuwo a gidan, da shi ake sayen sabulu. Idan gonar ta tafi, Goggo ta koma jiran abin da za a sammata, ita da ko gishiri ba ta iya roƙa.

Ni a lokacin ban daɗe da dawowa daga karatu a birnin Madani ba, ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Ana ce mini Ustaza, kaina kuwa ya kumbura daidai gwargwado. Ni aka zaɓa in yi wa Baturiyar tafinta a wajen mata. Da na ji inda aka ajiye jan dutsen sai na nufi gidan Goggo, na same ta tana yanka kuɓewa a kan tabarma.

Na ce, "Goggo, kin ji inda za a kafa tankin?"

Ta ce, "Na jiya."

"To in an tambaye ki, mi za ki ce?"

Ta ɗago ta dube ni kamar na tambaye ta sunan mijinta. "Mi ni ka cewa? Mutane sun taso tun daga ƙasassu sun kawo muna ruwa, ni ɗiyar wa da zan ce musu wurin bai yi ba? Shehu ya yi magana. In na buɗe baki sunka yi fushi sunka kai tankin wani gari, duk yaron da ya yi fitsarin jini a kaina za a aza."

Na ce to ni zan faɗa wa Baturiyar da bakina. Sai ta ajiye wuƙar.

"Ke? Wallahi in kinka kai ƙarata wurin baƙuwa, ba ni ba ke. Ban aike ki ba. Abin da anka tambaye ni shi za ki juya min, abin da na amsa shi za ki mai da mata. Halas."

Ba ta bar ni na fita ba sai da na rantse. Na fito raina a ɓace, ina jin haushinta, ina jin tausayinta, na rasa wanda ya fi yawa.

Tafintan ɓangaren maza kuwa Ustaz ne, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya. Yana yaro wani Baturen auduga ya taɓa shafa masa kai ya ce masa yaron kirki, tun daga ranar ya ɗauki harshen a matsayin gadon gidansu. Ofishin ƙungiyar ya aiko cewa mu biyu mu tsara tambayoyin da Turanci, tunda mu muka san mutanenmu, Baturiyar kuma ta yi su da bakinta. Muka zauna a rumfar makaranta. Ustaz ya gyara tabarau, ya zaro alƙalami, ya rubuta tambayar farko da babban baƙi: How do you think?

Na ce, "Ustaz, a yi haƙuri, ai What do you think ake cewa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ya bitti, ɗiyata, da Hausa mi muka cewa? Yaya ka gani. Da Larabci fa? Kef. To don mi Turanci za shi fita daban? Ko shi ba harshen 'yan Adam ba na?"

Na yi masa bayani cewa Bature idan yana neman ra'ayinka abin da ke cikin kanka yake tambaya, ba yadda kan naka ke aiki ba. Ya ce shi yana Turanci tun ubana bai san wando ba. Na kawo littafi, ya ce bugun Masar ne. Kafin a ce me, magana ta fita daga rumfa ta shiga gari. Dattawan ƙofar masallaci, waɗanda ko harafi ɗaya ba su sani ba, suka tsaya bayan How saboda girman furfura. Ɗalibaina suka tsaya bayan What. Mai shayin bakin hanya ya ce shi a ganinsa How ta fi ladabi, What kamar ana faɗa. Har aka sami wanda ya ba da shawara a haɗa su biyun a yi sulhu. Tun da nake ban taɓa ganin ƙauyenmu ya damu da ilimi irin na wannan makon ba.

A tsakiyar wannan jihadi na lallaɓa na ce, "Ustaz, mu ƙara tambaya guda mana. A tambayi filin nan na wane ne."

Nan take Turancinsa ya tsaya. Ya rufe alƙalami ya ce, "Ra'ayi anka ce a tambaya, ba gado za a raba ba." Ya san gonar wa ce, kowa ya sani. Amma kowace Juma'a a gidan shehu yake cin abincin rana, kuma cokalin gidan shehu yana da nauyi.

Ranar da Baturiyar ta iso, mace mai fara'a da jan hanci saboda rana, sai muka kai mata ƙara kafin ta gama shan ruwa. Ta yi dariya ta ce What ake cewa. Ustaz ya gyaɗa kai a hankali ya ce da Hausa, "Turancin zamani na, an lalata shi." Ni kuwa na baza mayafi ina taku ɗai-ɗai, na ci yaƙi. Ina cikin wannan taƙama na hango Goggo ta wuce da bokitinta tana rangaji, za ta shayar da kuɓewar da aka riga aka yanke wa hukunci. Nasarar tawa ta koma mini kamar tuwon jiya.

Shehu ya yanka rago. Aka ciyar da baƙuwa kisra, wato wainar dawa mai faɗi, da miya har ta roƙi a ƙyale ta. Daga nan aka kai ta ganin fili, wato aka tsaya da ita a bakin hanya, shehu ya miƙa sanda ya nuna can bayan wani shingen ƙaya ya ce filin gari ne. Aka dawo ƙofar masallaci aka zauna. Baturiya ta yi tambayarta, daidai, tsaf, ba kuskure ko na wasali. Ustaz ya juya. Shehu ya yi gyaran murya ya ce wurin ya yi kyau. Sai ta bi maza ɗaya bayan ɗaya.

"Tamam, daidai na."

"Yadda shehu ya gani."

"Miya bil miya, ɗari bisa ɗari, Allah shi saka."

Ina daga gefe ina kallon wani maƙwabcin Goggo, wanda jiya-jiya ya ce mini wannan zalunci ne ƙarara, yana ɗaga hannu sama yana cewa ba a taɓa zaɓen wuri mai albarka irin wannan ba.

Taron mata kuma, don a tabbatar kowa ta saki jiki ta faɗi son ranta, a tsakar gidan shehu aka yi shi, matarsa tana zuba kofi tana kallon bakin kowa. Baturiya ta zauna a tabarma ta bi mata da tambayarta mai tsabta. Da ta zo kan Goggo sai na matso kusa da ita. Na juya tambayar a hankali, ina kallon idonta, ina roƙonta da ido. Goggo ta gyara mayafi ta ce, "Ya yi kyau. Allah shi ba su lada."

Na mayar da shi Turanci kamar ina haɗiyar maɗaci. Baturiya ta dafa ƙirji ta ce ta zaga ƙauyuka da yawa amma ba ta taɓa ganin haɗin kai irin namu ba. Na so in ce mata a maƙabarta ma akwai irinsa, amma rantsuwa ta riƙe mini harshe.

Ba laifinta ba ne, ba ta san mu ba. A wurinmu baƙon da ya zo da alheri, ya ci abincinka, ba a kushe masa abin da ya kawo. Babba kuma idan ya yi magana a taro, ra'ayi ya ƙare, saura amin. Ka tambayi mutuminmu me ya gani a gaban jama'a, ka tambaye shi ne ko yana da tarbiyya, shi kuwa zai nuna maka yana da ita. Ana iya yi masa tambayar da What, ana iya yi da How, ana iya yi da kalangu, amsar dai ita ce ya yi kyau. Sai dai akwai wani abu da na sani game da Goggo da irinta: suna iya haɗiye ra'ayi har ya kashe su, amma ba sa ƙarya. Wannan tunanin ne ya hana ni sukuni har na sami dabara.

Washegari da safe Baturiya za ta koma, da rana kuma a fara sare shinge. A gidan malaman makaranta ta kwana, motarsu tana jiranta a bakin kasuwa. Na je rakiya, na ce mata akwai wata 'yar hanya da za mu yanke. Allah ya yafe mini, hanyar ta ninka ta gaskiya tsawo, amma tana ratsa gonar Goggo, kuma na san da hantsi take tsinkar kuɓewa kafin rana ta yi zafi.

Muka kutsa ta ƙofar shinge. Kuɓewa ta kai ƙugu, ta yi fure ruwan ɗorawa, ƙasa a jiƙe da ruwan da aka ɗauko a ka. Bakina a rufe, ko tari ban yi ba. Baturiya tana tafe tana yaba kyan wurin tana sosa hannu saboda ƙaiƙayi, sai ta yi tuntuɓe da jan dutsen. Ta tsaya. Ta dubi dutsen, ta dubi shingen ƙayar da aka nuna mata jiya daga nesa, ta dubi tsohuwar da ke sunkuye da ƙwarya a hannu. Na ga fara'ar tana sauka daga fuskarta. Sai ta juyo ta yi mini wata 'yar gajeriyar tambaya wadda ba mu tsara ba, ba mu yi mako muna gardama a kanta ba, ba dattijon da ya goyi bayanta.

Na ɗaga murya yadda ko kurma zai ji. "Goggo, ta ce gonar nan ta wa ce?"

Goggo ta miƙe a hankali. Hararar da ta yi mini har yau ina jin zafinta a goshi. Ta dubi baƙuwa, ta dubi ƙasa, ta murza carbin da ke wuyanta. Na ga tana neman hanyar da za ta bi ta ce ya yi kyau, amma tambayar ba ta bar ƙofa ba.

Ta ce, "Tawa ta."

Daga nan Baturiya ta kama bakin zaren. Wa ya share wurin? Mijina, Allah shi jiƙan shi. Su wa ke ci daga nan? Ni da jikokina. Idan an kafa tanki, ina za ki shuka? Goggo ta ce, "Ban da wani wuri." Ni kuwa ina tsakiya ina juyawa, abin da aka tambaya, abin da aka amsa, ban ƙara ko gishiri ba, kamar yadda aka rantsar da ni.

Baturiya ta ce to don me jiya ta ce ya yi kyau.

Goggo ta ce, "Ce mata abin da na gani ta tambaye ni. Tanki abu na mai kyau, shi na faɗi. Ba ta tambaye ni gonar wa za a tuge ba."

Matar nan ta zauna a kan kunyar kuɓewa, ba ta damu da laka ba. Jan hancin ya bazu har kunnuwa. Ta sunkuyar da kai, ni ma idona ya ciko. Da ta ɗago, sai na ga ashe ɗaliba ce mai saurin ɗauka. Ba ta tambayi Goggo inda take ganin ya dace ba, don ta gane amsar za ta zama shehu ya fi sani. Sai ta nuna fakon da ake hangowa ta ce wancan wurin da injiniya ya ambata, na wane ne?

"Na shehu na."

Me ake shukawa a can?

Goggo ta ɗan yi tunani ta ce, "Tarakta."

Baturiya ta fasa tafiya. Bayan azahar ta sa aka sake tara maza a ƙofar masallaci. Ta yabi shehu, ta yabi ragonsa, ta yabi haɗin kan jama'arsa. Ta ce ta lura akwai wani fili a bayan gidansa wanda ba a noma shi, kuma injiniya ya ce ya dace, saboda haka tana ganin a kafa tankin a can don kada a taɓa abincin kowa. Sannan ta juya ta fuskanci shehu, ta yi murmushi, ta ce, "What do you think?"

Ustaz ne ya juya tambayar, muryarsa kamar ta mai ciwon haƙori. Shehu ya dubi baƙuwar da ta ci ragonsa, ya dubi jama'ar da jiya ya koya wa amsa, ya dubi sama ko taimako zai sauko. Na ga shagunansa suna rushewa ɗaya bayan ɗaya a cikin idonsa. Sai ya ce, "Ya yi kyau."

Ai kuwa sai gari ya ɗauka. "Tamam!" "Yadda shehu ya gani!" Maƙwabcin nan na Goggo ya sake ɗaga hannu sama ya ce ba a taɓa zaɓen wuri mai albarka irin wannan ba, kuma a karon farko da gaske yake.

Aka ja tarakta da jakuna, aka kafa tanki a fako. Ranar buɗewa shehu ya sha yabo a matsayin mai kyautar fili, ya karɓa da hannu biyu kamar dama can niyyarsa ke nan. Ustaz kuwa har ya koma ga Allah bai daina cewa How ba.

Goggo ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Ran nan sai ga ta da ƙwarya cike da garin kuɓewa, ta dire a gabana ba ta zauna ba.

Ta ce, "Hanyar yanke, ko?"

Na ce, "Goggo, ni dai ban ce komai ba."

Ta ɗan dube ni, bakinta yana so ya yi dariya tana hana shi. Ta ce, "Ni ma ban ce komai ba. Tambayata anka yi."

Har yau ina koyar da Turanci, kuma har yau idan ɗaliba ta rubuta How do you think ina jan layi da jan biro, domin kuskure ne. Amma bayan na gyara sai in ce musu su ajiye biro su saurara. Nakan ce wannan tambayar ku riƙe ta don jarrabawa da baƙi. Idan kuwa kuna son sanin abin da ke cin mutuminmu a rai, kada ku tambaye shi me ya gani, domin kunya za ta riga shi amsawa. Ku tambaye shi na wane ne, wa zai ci, ina za shi koma. Abin da gonar Goggo ta koya mini ke nan: tambaya tana iya zama daidai a littafi ta bar mutum da yunwa, kuma wanda ya ce maka ya yi kyau, kafin ka yi murna ka fara duba a kan gonar wa kake tsaye.